Dabinon Injiniya Mai Jure Sanyi

Duk wanda ya zauna a Jidda ya ce bai san Injiniya Abdulbaƙi Badaru ba, a yi masa uzuri. Wataƙila bai taɓa halartar walimar 'yan Najeriya ba, ko kuwa ya halarta amma Allah ya taimake shi ya fita kafin a fara jawabai. Mutum ne cikakke. Allah ya ba shi tsawo, ya ba shi tumbi daidai muƙaminsa, ya ba shi muryar da ba ta buƙatar lasifika, ko da yake in an miƙa masa ba ya mayarwa. Yana aiki a wani kamfanin shimfiɗa bututun ruwa da ke da ofis a unguwar Bagdadiyya, kuma in ka ji shi yana bayanin aikinsa za ka rantse duk ɗigon ruwan da zai fito daga famfo tsakanin unguwar Mahjar da bakin teku sai ya biya ta teburinsa ya gaishe shi.

Amma abin da ya ɗaga shi sama da sauran bayin Allah shi ne ya ga sanyi da idonsa. Wata shekara kamfani ya tura shi kwas na 'yan makonni a Sikotland, a tsakiyar lokacin sanyi, ya dawo wani mutum daban. Ya dawo da rigar ulu mai wuya har kunne, da wani dogon ƙyalle da yake naɗawa a wuya, yana shiga ofis da su a garin da ko a watan Janairu mutane ba sa kashe mukayyif, wato esi. Gumi na bin bayansa, shi kuwa yana kallon jama'a da tausayi.

"Zafi ne ya hana mu ci gaba," haka yake cewa duk inda ya samu mutum biyu a zaune. "Ƙwaƙwalwa kamar nama take, in ba a sanyaya ta ba sai ta yi wari. Ku duba duk ƙasar da ta ƙera jirgin sama, za ku tarar ƙanƙara na zuba a cikinta. Ni a Gumel aka haife ni, ban musa ba, amma jinina na can ne."

Munzali, abokin aikinsa, wani siririn Bahaɗeje mai yawan murmushi, shi ya raɗa masa suna Sarkin Ƙanƙara. Labari ya kai kunnen Injiniya. Ya ɗauka sarauta ce, ya fara amsawa.

A bayan masaukinsa na Sikotland akwai wani ɗan lambu, a inuwar wata katanga ta dutse. Nan ya hango wani itace mai kama da dabino, ƙanƙara ta lulluɓe ganyensa, amma yana nan kore shar. Ya tambaya aka ce masa ai dangin dabino ne, irin wanda sanyi ba ya kashewa, kuma ya fi son inuwa. Tun daga ranar Injiniya ya gane cewa ya haɗu da ɗan'uwansa. Ɗan ƙasar zafi ne a ido, amma a ciki ɗan sanyi ne. Ya sha alwashin sai ya mallaki irinsa.

To, Jidda gari ne da dabino ke tsaye a bakin titi kamar 'yan sanda, ba mai ɗaga kai ya dube shi. A wannan garin ne Injiniya ya matsa wa wani mai sayar da shuke-shuke a hanyar Makka lamba har ya yi masa odar dabino daga ƙetaren teku. Ranar da aka kawo shi Injiniya ya ɗauki hutu daga ofis don ya tarbe shi. Aka sauke wata tukunya daga mota. Abin da ke cikinta bai wuce ƙugun mutum ba. Gangar jikinsa a naɗe take da wani gashi ruwan ƙasa kamar tsohon buhun gyaɗa, ganyensa a baje kamar mafici.

Matarsa Rabi'a ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta kewaya shi sau ɗaya.

"Abban Ihsan, wannan ai kaba ce. A bayan gidanmu a Nguru ko akuya ba ta kula ta."

"Rabi, ki riƙa tauna magana. Sunansa Tarakikafus."

"Tarkacen wa?"

Bai amsa ba, don manya ba sa amsa irin wannan. Amma sunan ya zauna. Kafin mako ya zagayo, 'yarsu Ihsan, wadda aka haifa a Jidda take jin Hausa fiye da yadda take mayarwa, ta riga ta sanar da ƙawayenta cewa babanta ya sayi tarkas, wato tarkace a bakinta.

Gidan da suke haya a ƙasan wani bene yake, kuma yana da ɗan fili a baya da dogayen gine-gine suka kewaye, rana ba ta leƙa shi sai da azahar, ta ɗan duba ta wuce. A nan Rabi'a take shanya, a nan take zama da matan Hausawa na unguwar Hindawiyya ranar Alhamis suna tsinke zogale suna taɗi. Injiniya ya tsaya a tsakiyar filin, ya riƙe ƙugu, ya sanar da cewa daga yau an ɗaga darajar wurin. Aka kwance igiyar shanya. Aka kwashe kujerun roba. Aka kawo ƙasa ta musamman mai tsane ruwa, aka dasa baƙo a kusurwar da ta fi inuwa, aka manna wani allon tagulla a bango mai ɗauke da rubutu cikin harshe biyu: Lambun Badaru.

Da farko dabino bai ce komai ba. Ya tsaya kamar baƙon da bai gane inda aka sauke shi ba. Sai watan Yuni ya shigo da zafin nan na Jidda mai ɗanko, wanda in ka fito daga wanka ba ka san ko ka goge jikinka ko ba ka goge ba. Bakin ganyen ya fara komawa ruwan ƙasa. Wani ya lanƙwasa. Wani ya bushe ƙayau.

Da ƙaramin mutum ne, da ya karaya. Injiniya kuwa ya zauna ya yi bincike a waya, ya gano cewa itacen yana son inuwa, yana son danshi, ba ya son iska mai zafi. Ya sa aka rufe saman filin da koren raga. Bai isa ba. Ya sa aka ƙara rufin roba. Bai isa ba. Ya sa aka fasa bango aka kafa mukayyif guda biyu, bakinsu na kallon dabino. Sannan ya ƙirƙiro abin da ya kira tsarin Badaru, wanda ya ce nan gaba za a koyar da shi a jami'o'i: kowace safiya a jera ƙanƙara kewaye da gindin itacen. Don samun wurin daskarar da ita, aka fitar da naman Rabi'a da kifinta daga firiza. A watan nan gidan sun ci farfesu har Ihsan ta fara rufe ido in ta ga tukunya.

Da yamma yakan ɗauko kujera ya zauna kusa da shi, daga shi sai singileti, yana yi masa magana da Turanci don kada kewa ta kama shi. Ba a daɗe ba ya fara atishawa. Hanci ya toshe, ido ya yi ja. Rabi'a ta kawo masa shayi da citta, ta ce ko ya sa riga. Ya ce wannan ba mura ba ce, jikinsa ne ke tuna gida.

Ana cikin haka kujerar mudir, wato shugaban ofishin Jidda, ta zama babu kowa a kai. Mutum biyu ake ambata, Injiniya da Munzali. Wanda zai yanke hukunci shi ne Abu Fawaz, mai kamfanin kuma kafilinsu duka, wato mai ɗaukar nauyinsu, wanda sabunta iƙamar kowa, takardar izinin zama a ƙasar, ke hannunsa. Dattijo ne Balarabe mai ƙarancin magana, kullum da carbi, danginsa kuma manoman dabino ne a wajen Madina tun kaka da kakanni. Munzali ya duƙufa ga aiki, irin dabarar masu ƙaramin tunani. Injiniya ya hango abin da ya fi haka. Shugabanci, in ji shi, ba a tebur ake gane shi ba, a gida ake gane shi. Zai shirya walimar ƙaddamar da lambu, ya gayyaci Abu Fawaz ya zo ya ga irin mutumin da yake ajiye da shi bai sani ba.

Ranar da ake gobe walima Rabi'a ta same shi yana goge ganyen da auduga ɗaya bayan ɗaya.

"Abban Ihsan, don Allah gobe ka taƙaita. Mutumin nan yana ji fiye da yadda yake magana."

"Shi ya sa zan ba shi abin da zai ji," in ji Injiniya.

Walimar ta kama a watan Agusta, bayan la'asar, ranar da ko kuliyoyin unguwa sun shige ƙarƙashin motoci. Baƙi suka riƙa isowa jiƙe da gumi. Duk wanda ya sa ƙafa a Lambun Badaru sai ya lumshe ido ya yi hamdala, Injiniya kuma ya riƙa karɓar hamdalar a madadin dabino. Aka cika wurin maƙil, kowa na neman inda iskar ta fi bugawa. Baba Shatu, wata tsohuwa haifaffiyar Hindawiyya da shekarunta suka ba ta izinin zama duk inda ta ga dama, ta bar ɗakin mata ta jawo kujera ta zauna daidai bakin mukayyif, ta juya wa dabino baya, ta rataye jakarta a ganyensa.

"Halas, shi ke nan, ni nan zan yi magariba," in ji ta. "Ya waladi, ɗana, a ɗan matsar da tsintsiyar nan, tana soka mini wuya."

Injiniya ya cire jakar da hannunsa, yana murmushin da ya tanada don jahilai.

Abu Fawaz ya iso a makare, cikin farar riga, aka buɗa masa hanya. Ya tsaya gaban itacen ya daɗe yana kallo. Ya taɓa gashin jikinsa. Ya ɗaga ganye ya leƙa ƙarƙashi, irin leƙen wanda ya san inda ake neman abu. Sannan ya tambaya da Larabci, yaushe yake 'ya'ya.

"Ba ya yin dabinon ci, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Ya wuce nan."

"To me yake yi?"

"Jure sanyi."

Abu Fawaz ya dubi mukayyif na dama, ya dubi na hagu, ya dubi ƙanƙarar da ke narkewa a gindin itacen. Ya ce Masha Allahu, ya nemi wuri ya zauna.

Daga nan aka miƙa wa Injiniya lasifika. Ya fara da tarihin Sikotland, ya gangaro kan illar zafi ga ƙwaƙwalwa, ya yi bayanin tsarin Badaru daki-daki. Shinkafa ta huce. Sai ya dafa dabino, ya gyara murya, ya shiga inda ya tanada.

"Jama'a, ku dubi itacen nan, ku dube ni. Halinmu ɗaya. A nan garin haƙuri kawai muke yi. Mu ba a san darajarmu ba sai inda ruwa ke daskarewa. Inda sauran itatuwa ke zubar da ganye, inda sauran ma'aikata ke kawo uzuri suna neman takardar likita, a nan muke tohowa. Ni Abdulbaƙi ban taɓa jin sanyi ya dame ni ba. A kai ni inda ƙanƙara ke zuba, a ga aiki."

Don kada babban baƙo ya yi asarar ko kalma ɗaya, ya maimaita wannan sashen da Larabci, a hankali, yana kallonsa. Abu Fawaz ya daina jan carbi. Ya ɗago kai, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci makullin da ya daɗe yana nema. Munzali kuwa ya sunkuyar da kai cikin farantinsa, kafaɗunsa na rawa. Injiniya ya lura da duka biyun, ya fassara su daidai yadda ya kamata: ɗaya ya gamsu, ɗaya ya karaya.

Akwai abin da duk ofis suka sani ban da shi, don a 'yan makonnin nan yakan fice daga taro da wuri ya je ya canza wa dabino ƙanƙara. Kamfanin ya samu kwangila a Turaif, can ƙarshen arewa a bakin iyakar Jodan, garin da in an yi maganar sanyi a Saudiyya shi ake fara ambata. An rasa wanda zai je ya riƙe aikin. Wannan ya ce matarsa ta kusa haihuwa, wancan ya ce yana da asma, wani ya tuno da ciwon gwiwar da ya gada wajen kakansa.

Ranar Lahadi aka kira Injiniya ofishin mai kamfani. Ya shiga cikin shadda mai ɗaukar ido. Abu Fawaz ya taso da kansa ya rungume shi, ya zuba masa gahawa.

"Mabruk, ya muhandis," in ji shi, wato barka, Injiniya. "Albishirinka. Daga yau kai ne mudir."

Injiniya ya sunkuyar da kai cikin tawali'un da ya yi atisayensa a gaban madubi.

"Na Turaif," in ji Abu Fawaz. "Wallahi ka cire mini ƙaya. Ban san ina da irinka ba sai da ka faɗa da bakinka. Munzali zai riƙe nan, shi jikinsa ba ya son wahala."

Injiniya ya kurɓi gahawar. Ya so ya ce wani abu. Amma iƙamarsa ta kusa ƙarewa, kuma maganar da bakinsa ya yi ta, cikin harshe biyu, a gaban shaidu, har wani ya ɗauka a waya ya watsa a zauren ƙungiyar 'yan Najeriya, inda shi da kansa ya bi ya sa mata alamar yabo. Ya haɗiye gahawar. Ya fito ya tsaya a tsakiyar ofis, ya jira kowa ya ɗago.

"An duba kamfanin nan kaf," in ji shi, "ni kaɗai aka ga jikina zai iya."

Rabi'a ba ta ce na faɗa maka ba. Ta ce dai makarantar Ihsan ba ta barin a motsa, don haka su za su zauna. Ta haɗa masa yaji da kuka da man shafawa, ta cusa barguna biyu a ƙasan akwati ba tare da ta gaya masa ba. Aka tone dabino aka mayar da shi tukunya. Shi aka ba kujerar gaba a motar tafiya.

Watannin farko a Turaif sun yi daɗi. Iska mai sauƙi, sama garau. Injiniya ya dasa dabino a inuwar katangar gidan ma'aikata, ya riƙa turo hotuna da dogayen bayanai. Sai Disamba ta shigo, da wata iska daga hamadar Sham wadda ba ta kewaya mutum, ta cikinsa take bi. Ruwa ya daskare a bututun da shi ne mudir ɗinsa. Alwalar asuba ta zama abin da sai ya zauna a bakin gado ya yi wa kansa wa'azi kafin ya tunkare ta. A nan ne ya fara tuno wasu bayanai game da Sikotland da suka ɓace masa a jawabai: cewa masaukin akwai na'urar ɗumama ɗaki, motar da ke kai su kwas ma akwai, kuma dabinon nan na farko ta gilashin ɗakin cin abinci ya hango shi, da kofin shayi a hannu.

Dabino kuwa ya farfaɗo. Babu raga, babu mukayyif, babu tsarin Badaru. Ya miƙe ganye, ya yi kore shar, ya fitar da sabon toho daga tsakiya, kamar wanda aka sallamo daga asibiti.

A watan Janairu ƙanƙara ta zuba. Ranar ta dace da taron shekara na ƙungiya a Jidda, wata Juma'a da rana, kuma Munzali, wanda yanzu shi ke jagorantar taron, ya ga bai kamata a yi ba tare da jin muryar Sarkin Ƙanƙara daga fadarsa ba. Aka haɗa waya da babban talabijin. Injiniya ya ga wannan dama ce ta rufe bakin masu surutu. Ya tuɓe bargo, ya tuɓe rigunan da ya jera, ya bar shadda ɗaya. Ya fita waje, ya jingina wayar a kan wata ganga, ya tsaya kusa da dabino, ƙasa fari fat a bayansu.

Jama'a suka yi tafi da suka gan shi. Ya buɗe baki.

"Ja-ja-jama'a, as-as-assala..."

Hoton ya riƙa karkarwa, maganar na fita gutsi-gutsi, ana jin wani ƙas-ƙas-ƙas a tsakani. Wani ya ce a kashe a sake kira. Wani ya ce ai garuruwan bakin iyaka haka sabis ɗinsu yake. Munzali ya matso kusa da waya ya ce, "Injiniya, ko za ka matsa inda sabis ya fi ƙarfi? Kana yankewa."

Baba Shatu ta tashi daga kujerarta, ta tako har gaban talabijin, ta gyara tabarau, ta ƙura ido.

"La, ku bar sabis, lafiyarsa lau," in ji ta. "Ga itacen nan tsaye ƙyam, ko ganye bai motsa ba. Muhandis ne kawai ke yankewa."